Saƙon da Aka Ba Taubashi

Atiku Masaƙi mutumin Gwandu ne, amma Kalgo ce ta ci ƙarfinsa. A can ya yi shekara da shekaru yana koya wa yaran wata makarantar elemantare saƙa, tun zamanin da ba wanda ya taɓa kawo wa ransa za a wayi gari a ga jami'a a garin. Makarantar ba wata babba ba ce. Ajujuwa ne na laka, da rijiya, da wata rumfar zana a gindin tsamiya, kuma rumfar nan ita ce ajin Atiku. Bai san boko ba, ko sunansa da ajami yake rubutawa, amma yara Malam suke ce masa, in wata ya ƙare kuwa albashinsa na zuwa kamar na kowane malami.

Dogo ne siriri, zaman masaƙa ya ɗan ranƙwafar da shi. Yana da faɗa a kan zare fiye da yadda wasu ke faɗa a kan gado. Yaro ya tsinka zare sau ɗaya, Atiku zai ɗaura masa bai ce komai ba. Ya sake tsinkawa, to ranar sai ya ji tarihin kakanninsa da ba su iya riƙe ƙoshiyar saƙa ba. Duk da haka yaran suna son rumfar, don nan kaɗai ne ba a tambayar mutum bakwai sau takwas.

Abu ɗaya Atiku yake taƙama da shi a duniya, kuma ba ya gajiya da faɗinsa: tun da ya yi wayo bai taɓa cin abin da hannunsa bai nema ba. Wasu na cewa girman kai ne. Wataƙila. Amma mutumin da ba shi da sarauta, ba shi da garke, gonarsa ma a Gwandu wani ke noma ta, in ka raba shi da wannan ba ka bar masa komai ba.

'Yarsa ta fari Kubura. Shi dai bai taɓa kiran sunan ba. Kunyar 'yar fari a gidansu ba ta wasa ba ce, don uwarsa Bafillata ce ta wajen Masama, da nono ta ba shi ita. Bai ɗauki yarinyar a gaban mutane ba, bai zauna hira da ita ba, in zancenta ya kama sai ya ce "waccan". Wanda bai san shi ba sai ya ce ba ya ƙaunarta. Amma gwadon aurenta shi ya saƙa da hannunsa, ya warware shi ya sake, ya kuma warwarewa, har matarsa Inno ta ce in bai bari ba za a kai amarya da tabarma.

Wanda ya auri Kubura wani saurayin malami ne a makarantar, Malam Abdulgani, mai sanyin hali da ladabi. Ba a daɗe ba aka ba shi hedimasta. Nan fa aka shiga wani zama da duk Kalgo ke kallo tana murmushi, mai gida a wurin aiki ya zama suruki. In Abdulgani zai wuce ta gaban rumfa, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Atiku kuwa sai ya sunkuyar da kai ga saƙarsa ya amsa gaisuwar kamar da tsamiya yake magana. Umarni ba ya bi ta baki da baki, masinja ke kai da kawowa, har albashi a ƙulle cikin ƙyalle masinja ke ajiye masa a gefen masaƙa. Gidan 'yar tasa kuwa ko ruwa Atiku bai taɓa sha a ciki ba. An taɓa ganin ruwan sama ya tare shi daidai ƙofar zauren, ya wuce abinsa yana jiƙewa.

Mutum ɗaya ne a garin yake iya gaya wa Atiku duk abin da ya ga dama, shi ne Sule mai kifi, ɗan gwaggonsa, wato taubashinsa. Sule ne ma ya fara jawo shi Kalgo. Gajere ne mai tumbi, yana sayar da banda a kasuwa, bakinsa ba ya hutawa. Ya taɓa zuwa a guje ya ce jakin Atiku ya faɗa rijiya, Atiku ya bar wadarin zarensa a rana ya sheƙa, ya tarar da jaki na cin harawa. Ya taɓa ce masa Inno ta tafi gaban alƙali neman saki. Zancen an kore shi daga aiki kuwa, wannan kusan duk shekara sai Sule ya kore shi da baki. Atiku ba ya barin bashi, shi ma yana ramawa, yakan ce ko a lahira da wari za a gane kabarin Sule. Sun tsufa a haka, kuma in kwana biyu ɗaya bai zagi ɗaya ba sai a aika a ji ko lafiya.

A farkon daminar 1955 umarni ya zo daga ofishin da ke kula da makarantu. Akoko da atamfa sun cika kanti, an ce lokacin da yara ke ɓatawa a sana'ar hannu a mai da shi ga lissafi da Turanci. Malaman sana'a marasa takardar koyarwa an rufe aikinsu. Tsarin da aka yi bai munana ba, in za a faɗi gaskiya. An ce hedimasta ya sanar da mutum da bakinsa, a ba shi wata guda ya shirya, a tara yara a yi masa addu'a, sannan ya je birni ya karɓi kuɗin sallama gwargwadon daɗewarsa. A wata makarantar ta wajen Kambaza haka aka yi wa badukun da ke koyar da jima, har malamai suka haɗa masa riga, yara suka raka shi bakin gari.

Wanda ya tsara wannan bai san akwai hedimastan da ba ya iya ɗaga ido ya dubi ma'aikacinsa ba. Abdulgani ya yi ta juya abin a ransa har ya rame. Kubura ba ta da bakin da za ta yi wa ubanta magana, balle irin wannan. Inno kuwa tun bazara ta koma Gwandu jinyar tsohuwarta. Masinja yaron gida ne, aika shi da wannan saƙo cin mutunci ne. Sai Abdulgani ya tuna da mutum ɗayan nan da ba ya jin nauyin Atiku, ya je kasuwa da kansa ya roƙi Sule.

Sule ya zo rumfa bayan yara sun tashi. Bai yi sallama da zagi ba yadda ya saba, ya sami turmi ya zauna, ya cire hula yana murza ta. Atiku ya dube shi ta gefen ido, ya ce a ransa yau kuma da sabon salo aka zo.

Sule ya ce, "Atiku, aje ƙoshiyag ga in hwaɗa ma magana. Aikinka ya ƙare. An ruhe saƙa makarantag ga."

Atiku bai ajiye ba. Ya ce, "To madalla. Gobe sai in taho in riƙa kore ma ƙuda bisa kihi."

"Ba wasa nika yi ba."

"Ran da jakina yah hwaɗa rijiya ma ba wasa kaka yi ba." Ya fashe da dariya har ƙoshiya ta suɓuce masa. "Kai, Sule, ka iya. Dubi yadda kay yi da huska, awa wanda anka aiko da mutuwa."

Nan ne ya kamata Sule ya kama hannunsa ya rantse. Ya buɗe baki, sai ya ga haƙoran tsohon a waje, ido har da hawayen dariya, ya ji ba zai iya ba. Dariya ta fi sauƙi, sai shi ma ya yi ta. Suka ɗan taɓa zage-zagensu, ya sa hularsa ya tafi. Da Abdulgani ya tare shi a hanya ya tambaya, Sule ya ce, "Na hwaɗa mishi." Abdulgani ya ce, "Mi yac ce, Baba Sule?" Ya ce, "Dariya yay yi." Bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Abdulgani ya ɗauka irin dariyar manya ce da ake haɗiye baƙin ciki da ita, ya koma gida.

Watan shiri ya ƙare, Atiku na zuwa. Wani watan ya kama, da sassafe ga shi nan ya ja zarensa ya zauna. Abdulgani yana hangensa ta tagar ofis, ya fassara abin yadda suruki mai kunya zai fassara: tsoho ya ji, kuma ya dawo, ke nan ba shi da inda za shi, roƙo yake yi irin na wanda ba ya roƙo. To wa zai je ya ce masa tashi? Da wata ya ƙare Abdulgani ya yanki nasa albashin ya ƙulle a ƙyalle ya ba masinja. Ya riƙa sakin yara da rana su je rumfa kamar da. Zaren da ofis ya daina aikowa, Kubura ta ɗauki mazari ta riƙa kaɗawa, ga ta da ciki, masinja na kaiwa ya ce daga ofis ne.

Kalgo ba ta da girman da magana za ta ɓuya. Kafin gero ya yi bununi kowa ya sani, daga liman har masu tallan fura, ban da mutum ɗaya.

Abin da ya fi ciwo shi ne Atiku bai taɓa jin daɗin wata damina kamar wannan ba. Ya lura mutane sun ƙara tsawaita masa gaisuwa. Mahauci na ƙara masa tsoka bai tambaya ba. Zaren ofis ya gyaru, ya yi laushi, ba ya tsinkewa, har yana ce wa yara sai yanzu hukuma ta sami macen da ta san kaɗi. Da labarin badukun nan ya iso shi ya tausaya masa ƙwarai, amma tausayin bai hana shi faɗi a ƙofar masallaci ba, bayan la'asar, mutane cike da dakali: "Duk an sallame su, ni ɗai anka bari. Sun san hannun da ka aiki." Wani ya ce Allah ya ƙara rufa asiri, aka ce amin da sauri. In ya bi ta kasuwa ranar albashi sai ya girgiza wa Sule ƙyallen a fuska ya ce, "Ga korarre ya amso nashi." Sule yakan yi dariya, amma dariyar ta gajarce.

Ya kuma lura keken hedimasta ya ɓace, rigarsa ta Jumma'a ta koɗe ba a sake wata ba. Wannan ya dame shi saboda waccan, 'yar tasa. Yakan yi gunaguni shi kaɗai a kan samarin zamani da ba su iya riƙon kuɗi ba. Har ya sayi ɗan rago ya ɗaure a gidan da yake zaune yana kiwo, don in waccan ta sauka kada a ji kunya ranar suna.

Da kaka, ana cikin yankan shinkafa a fadama, mai duba makarantu ya zo. Malam Lawal sunansa, baƙo ne daga gabas, bai san wa ke auren 'yar wa ba. Mutumin kirki ne, wannan ma ya kamata a faɗa. Ya gama da ajujuwa, ya ji ƙarar masaƙa, ya nufo rumfa, hedimasta na biye da shi daga baya-baya yana tuɓe takalmi. Ya gaida Atiku da ladabi, ya shafa farin ƙyallen da ke kan masaƙa ya yaba. Yara suna kallo.

Sai ya ce, "Baba, ashe har yanzu kana taimaka musu? Allah ya saka da alheri. Amma don Allah ka daure ka je ka karɓi sallamarka. Tun farkon damina take jiranka, kai kaɗai ka rage."

Atiku ya ce, "Wace sallama, ɗana?"

"Ta rufe aikin saƙa mana. Ai an ce an sanar da kai."

Atiku ya yi murmushi, don har yanzu yana zaton kuskure ne, ana nufin wani. Ya ce, "Wane ruhewa, ga shi duk wata ana aiko min albashina?"

Malam Lawal ya juya ya dubi hedimasta, duban mai neman bayani. Atiku ya bi idonsa. Tun da aka ɗaura auren nan bai taɓa kallon fuskar Abdulgani sosai ba sai ranar. Ya ga mutum durƙushe a rana, ƙafa ba takalmi, wuya ya zurma, hawaye na ɗiga a kan koɗaɗɗiyar riga.

Ya mai da ido ga zaren da ke hannunsa ya murza shi tsakanin yatsu. Kaɗin Inno ne sak, kuma mace ɗaya Inno ta koya wa kaɗi. Ya ji kunya irin wadda bai san akwai ta ba. Tuwon da ya ci damina guda, goron da ya raba, ragon da ke ɗaure, duk daga aljihun surukinsa da yatsun 'yarsa. Kuma gari duka na zaune a dakali yana jin sa yana cewa shi kaɗai aka bari.

Ya ce wa yara su koma aji, a hankali ya faɗa, suka tashi ba hayaniya. Ya naɗe saƙar da bai gama ba, ya kwance masaƙa itace bayan itace. Malam Lawal ya fara ba da haƙuri bai san laifin da ya yi ba, Atiku ya ce masa, "Ba ka yi komi ba, ɗana. Kai ɗai ka yi min gaskiya ta shiga kunnena."

Bai kwana a Kalgo ba. Ya ɗora kayansa a jaki, ya bar ragon a ɗaure ya ce wa maƙwabci a kai inda ya dace. Hanyar fita gari ta ƙofar gidan hedimasta ta bi. Kubura na tsaye a bakin zaure, ciki ya tsufa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Atiku ya rage tafiya. Yana so ya ce mata bai yi fushi ba, yana so ya ce zaren ya yi kyau. Sai an kira mutum kafin a gaya masa magana, shi kuwa bakinsa bai taɓa koyon sunan ba. Ya dubi katangar gidan ya ce, "A zamna lahiya." Ya kora jakinsa. Abdulgani ya bi shi daga nesa har gonaki suka ƙare, Atiku yana jin takunsa bai waiwaya ba.

A birni ya tsaya ya dangwala yatsa ya karɓi sallamar. Bai kwance ƙullin ba, ya ba wani falke ya kai gidan hedimastan Kalgo. Aka dawo da shi Gwandu. Ya sake aikawa, aka sake dawowa. Inno ta gaji ta jefa shi cikin tukunya a ƙarƙashin gado, ba wanda ya ƙara taɓawa.

A Gwandu bai kafa masaƙa ba. Ya karɓi gonarsa yana ɗan taɓawa, yana zuwa masallaci ya dawo, ba ya zama a dakali. Kubura ta haifi namiji aka sa masa Atiku, Inno ta tafi suna ita kaɗai. Mutane suka ce zuciya ce ta hana shi. Ba zuciya ba ce. Ya san don ƙauna aka yi masa abin da aka yi, kuma sanin nan ne ya hana shi samun wanda zai yi wa fushi ya huta. Ya rasa ta yadda zai sake shiga garin da ya ciyar da shi a ɓoye yana kallonsa yana alfahari.

Sule bai zo ba sai da damina ta zagayo, a watan cika-ciki, lokacin da taubasai ke neman juna da tsiya. Ya zaɓi lokacin da gangan, yana ganin wasa ne ya ɓata, wasa zai gyara. Ya sayo goro, ya ɗauro banda mai kyau, duk hanya yana shirya abin da zai faɗa.

Ya tarar da Atiku a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Atiku ya miƙe, ya shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ya kawo ruwa da hannu biyu, ya shiga gaisuwa tiryan-tiryan, ya hanya, ya iyali, ya kasuwa. Abin ya tsorata Sule, don tun suna yara Atiku bai taɓa tambayarsa ya iyali ba. Ya yi ƙarfin hali ya murtuke fuska irin ta da.

Ya ce, "Ashe kana nan ba ka mutu ba, tsohon banza? Kalgo ta huta. Ko yaro guda bai tambaye ka ba, ba wanda yal lura ka tashi."

Ƙarya ce. Yaran har gobe in sun wuce gindin tsamiya sai sun leƙa, kuma sun hana a rushe rumfar. Sule ya faɗa ne ya gyara zama yana jiran a ce masa mai warin kifi.

Atiku ya jinjina kai a hankali. Ya ce, "Haka na, Malam Sule. Na gode da kah hwaɗa min."

Sule ya ce, "Kai, Atiku, wasa nika yi." Ya matso kusa da shi. "Wallahi wasa nika yi. Kullum sai sun tambaya."

Atiku ya ce, "A'a, bari. Sau guda na ƙi jin maganakka, na ga abin da yab biyo baya. Yanzu in ka hwaɗi ina ji."

Sule ya yi ta rantsuwa, ya kama hannunsa, ya kira sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya. Atiku ya saurare shi har ya gama, cikin ladabi, bai katse shi ba. Sannan ya zare hannunsa, ya leƙa cikin gida ya ce, "Inno, a kawo ma baƙo abinci."